Malaman Fiziks, A Rage Wa Yara Haddar Lissafin Jifa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga malaman Fiziks na makarantun sakandare, da kuma 'yan uwana iyaye masu biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da gumin goshinsu.

Akwai wani darasi da yaranmu ke kwana a kansa in an ba su aikin gida, wato lissafin abin da aka jefa, dutse ne ko ƙwallo: ina zai faɗi, kuma cikin daƙiƙa nawa. Abin da na lura shi ne, ana rubuta musu ƙa'idoji uku a allo, ta lokaci, ta tsayi da ta nisa, a ce su haddace. To, ta lokaci da ta nisa suna aiki ne kawai idan dutsen ya sauko daidai matakin da ya tashi. Ranar da tambaya ta ce daga kan soro aka yi jifan, sai ido ya raina fata.

Alhali kuwa abin bai kai haka wuya ba. Tun a 1638 Galileo, mutumin Italiya, ya bayyana cewa tafiya biyu dutsen ke yi a lokaci guda, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Ta gaba, gudunsa ba ya canzawa, in an ajiye maganar iska gefe. Ta ƙasa kuwa, kowace daƙiƙa gudun faɗowarsa na ƙaruwa da kusan mita 10 a daƙiƙa. Lokaci ne kaɗai ya haɗa su.

Ga misali. Soro mai tsayin mita 5, yaro ya yi jifa a miƙe da gudun mita 8 a daƙiƙa. A fara da faɗowa, a manta da gaba tukuna. Nisan faɗowa shi ne 5 sau lokaci sau lokaci, ka ga daƙiƙa 1 ke nan. Sai a koma gaba: 8 sau 1, dutsen zai faɗi mita 8 daga gindin bango. Da ginin mita 20 ne, daƙiƙa 2 zai yi, nisa mita 16. Shi ke nan fa, ko mai awon hatsi zai iya wannan da ka!

Wanda ke shakka ya riƙe tsakuwa biyu, ya saki ɗaya, ya wurga ɗaya a miƙe lokaci guda. Tare za su taɓa ƙasa. Haka mai ban ruwa da tiyo a fadama ya san ruwa ya fi zuwa nesa in ya ɗaga bakin tiyon tsaka-tsaki, ba kwance ba, ba tsaye ba. Wannan shi ne digiri 45 da littafi ke faɗa, kuma a lissafi digiri 30 da 60 wuri ɗaya suke kai jifa.

Don Allah malamai, ba sai an jira ɗakin gwaji ba, tsakuwa ai kyauta ce. Ku fitar da yara fili su gani da idonsu kafin ku taɓa alli. Mu kuma iyaye, ko ba mu yi boko mai zurfi ba, in yaro ya buɗe wannan aikin, mu ce ya zana hoton jifan, ya gaya mana da Hausa daƙiƙa nawa dutsen zai yi a sama. In ya kasa, gobe ya koma wa malaminsa da tambayar.

Wassalam.

Daga wani ɗan tireda, Funtuwa.