Kira ga Gwamnatin Japan: A Ƙara Masu Sauraron Waɗanda Ke Cikin Ƙunci

Zuwa ga Mai Girma Minista mai kula da matsalar kaɗaici, da muƙarrabansa,
Ofishin Majalisar Ministoci, Tokyo.

Ranku ya daɗe,

Yabon gwani ya zama dole. A watan Fabrairun 2021, gwamnatin Firaminista Yoshihide Suga ta naɗa Tetsushi Sakamoto ministan farko mai kula da kaɗaici, bayan da adadin masu kashe kansu ya ƙaru a 2020, karon farko cikin shekara 11. Sannan dokar yaƙi da kaɗaici ta fara aiki a Afrilun 2024. Sai dai har yanzu masu sauraro sun yi ƙaranci, kuma a kan wannan nake roƙo.

Tun yana yaro ake tarbiyyantar da ɗan Japan a kan kada ya ɗora wa kowa nauyi, ya danne damuwarsa, ya yi abin da gida da makaranta da wurin aiki ke tsammani daga gare shi. Wannan tarbiyya ce ta haifar da ladabi da tsarin da duniya ke sha'awa. Amma ita ce kuma ke hana ma'aikaci ya ce ya gaji, ko ɗalibi ya ce ya kasa. Idan an tambaye shi, sai ya ce lafiya lau.

Alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna inda shirun ke kai mutane. Binciken da ofishinku ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.46 masu shekara 15 zuwa 64 sun ƙaurace wa jama'a sun kulle kansu a gida. 'Yan makaranta fiye da 500 ne suka kashe kansu a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Har ta kai wasu na biyan kuɗi su yi hayar baƙo don ya zauna ya saurare su kawai. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku.

Na farko, a tallafa wa layukan waya na agaji irin su Inochi no Denwa, wanda ke aiki tun 1971. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da shi, suna shafe fiye da shekara suna samun horo da kuɗin aljihunsu, yawancinsu sun manyanta, kira da yawa kuma ba a samun mai ɗagawa. Wanda ya yi ta maza ya buga waya da tsakar dare bai kamata ya ji layi a cunkushe ba. Gwamnati ta ɗauki nauyin horon, ta kuma biya masu aikin dare.

Na biyu, a bai wa makarantu masu ba da shawara na dindindin, maimakon wanda ke leƙowa sau ɗaya a mako. A ƙara himma a ƙarshen hutun bazara, tunda an daɗe da sanin cewa farkon Satumba ne lokaci mafi haɗari ga ɗalibai.

Na uku, ma'aikaci ya samu inda zai kai kukansa a wajen kamfaninsa, da tabbacin cewa maganar ba za ta koma kunnen shugabansa ba.

Ina fatan za ku dubi wannan kira da idon rahama, ku sanya shi cikin kasafin kuɗi mai zuwa.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Mai fatan alheri ga al'ummar Japan.