Tudun Jos da Rijiyar Baure

A ranin da ya wuce na tsaya a wani ƙauye na ƙasar Baure ina kallon masu haƙar rijiyar burtsatse. Kwana biyu injin yana ruri, mata da yara sun jera jarkoki suna jira. A rana ta uku bakin injin ya ci karo da dutse, ya yi ta niƙa, ba abin da ke fitowa sai gari, har masu aikin suka naɗe kayansu suka tafi. Kuɗin da mutanen ƙauyen suka tara ta hanyar karo-karo ya bi ƙura. Abin da ya fi ci musu rai shi ne, a ƙauyen maƙwabtansu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba, an sami ruwa cikin yashi ba da wata wahala ba. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, ƙasa ɗaya, sama ɗaya, me ya raba mu?" Tambayarsa ce za mu bi a wannan mako.

Mai karatu, shimfiɗar ƙasarmu tana ruɗin ido. A ƙarƙashinta abu biyu ne. Akwai tsohon dutse na tushe, wanda yawancinsa ya ɗauki siffarsa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, shi ne ke leƙowa a Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi da Dutsin-Ma. Akwai kuma yashi da yumɓu hawa-hawa waɗanda suka cika babban kwarin Tafkin Chadi. Masarautar Daura tana zaune ne kusa da inda waɗannan biyu suka haɗu. To me ya ɗaga wani wuri ya zama tudu, ya bar wani ya zama kwari?

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa ɓawon da muke takawa, mai kaurin kilomita 35 zuwa 40 a yawancin nahiyoyi, yana yawo ne a kan wani dutse mai zafi wanda ya fi shi nauyi, kamar yadda goran masunci ke yawo a kan ruwa. Dutsen na ƙasa ba narkakke ba ne, amma zafi ya sa yana matsawa sannu a hankali, santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsirowar farce.

Ta hanya uku wannan motsi ke ɗaga tudu. Ta farko ita ce karo. Ƙasar Indiya ta soma tunkuɗar Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, ɓawon ya ninku har kaurinsa ya kai kilomita 70, sai tudun Tibet ya tashi zuwa kusan mita 5,000. Ta biyu ita ce zafi. Idan dutse mai tsananin zafi ya taso daga can ciki ya tsaya a ƙarƙashin nahiya, yakan kumbura ya rage nauyi, ƙasar da ke samansa ta ɗago kamar ƙullun waina da ya tashi. Ta uku ita ce sauke kaya. Idan gindin nahiya mai sanyi da nauyi ya ɓalle ya nitse, abin da ya saura yakan taso, kamar goran da aka tsinke igiyar dutsen da ke rinjayarsa.

A yankinmu ba a yi irin karon Indiya ba tun zamani mai nisa, don haka masana da yawa suna danganta tuddanmu da zafi. Afirka cike take da tuddai masu faɗi da kwaruruka a tsakaninsu. Dubi waɗanda suka kewaye Tafkin Chadi: Azbin a Nijar, inda ƙololuwar Bagzan ta wuce mita 2,000, da Tibasti a Chadi, da Jabal Marra a Darfur, da Biu, da Jos. Kowannensu yana ɗauke da alamun aman wuta. Tudun Jos yana da tsayin kusan mita 1,280, duwatsun Shere sun kai 1,829, alhali tafkin kansa bai wuce kimanin mita 280 daga teku ba. A Panyam da Kerang har yau ana ganin bakunan tsaunukan da suka yi aman wuta suka mutu. Wani abin da ya taimaki Jos shi ne taurin duwatsunta masu kuza, waɗanda suka daskare wajen shekara miliyan 160 da suka wuce. Danginsu ne na Damagaram da na Azbin, sai dai waɗancan sun girme su. Ruwan sama ya cinye abin da ke gefe, su ya kasa cinye su.

A nan labarin ya dawo gida. Duk abin da ya tashi, ruwa zai zaizaye shi. Daga tudun Jos da gindinsa kogunan Kaduna da Gongola da Jama'are da Kano suke fitowa. Shekaru aru-aru ruwa yana kwashe yashi daga tuddai yana jibgewa a kwarin Chadi, kwarin kuma yana ƙara nitsewa. Wannan yashi shi ne randar ƙarƙashin ƙasa. Tsohon dutse kuwa ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya ruɓe. Ƙauyen dattijon nan yana kan kafaɗar dutse, maƙwabtansa suna bakin randa. Abin da ya raba su ke nan.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne. Tun 1919 ake da hukumar binciken ƙasa a Najeriya, akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Kaduna, akwai sassan ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero. Akwai na'urar da ke aika lantarki cikin ƙasa ta nuna inda dutse ya tsage da inda yashi ya yi kauri, kuma kuɗin awon bai kama ƙafar kuɗin haƙa ba. Amma sau nawa ake zaɓar wurin rijiya don ƙofar gidan wane ne, ko don a nan za a fi ganin allon sunan mai bayarwa?

Kirana ga ƙananan hukumomin masarautar Daura da gwamnatin Jihar Katsina shi ne, kada a sa hannu a kwangilar rijiya sai da rahoton awo, kuma a riƙa adana bayanin kowace rijiya da aka haƙa, wadda ta ba da ruwa da wadda ta ƙi, domin na baya su amfana. Ƙungiyoyin gari masu karo-karo su ma su ware kuɗin awo tun farko. Matambayi ba ya ɓata, kuma ƙasa tana ba da amsa idan an tambaye ta kafin a huda ta.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.