Kafin ka sayar da buhun masara saboda katin gem, tsaya ka ji

Na san abin da ke damunka. Kana zaune a Ƙaraye ko Rogo kana latsa TikTok, sai ga wani yaro a Legas ko Dubai yana nuna kwamfutarsa mai fitilu kala-kala, gilashi a gefe, fankoki shida suna ta juyawa. Ka ɗaga kai ka kalli taka, tsohuwar HP ko Dell 'yar Baljiyam da yayanka ya bar maka, wadda sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. Nan take zuciya ta ce maka ai wannan ta gama yawo, a nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa a saka mata babban katin hoto, ko a sayi wata.

Ni dai ra'ayina shi ne, yawancin tsofaffin kwamfutocin nan da sauransu, kuma kayan da ya fi tsada shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafinka. Wanda ya fara da shi, sau da yawa kuɗinsa ne ke tafiya a banza.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata a Rogo ya ɗanɗana wannan. Bayan kaka ya sayar da buhu biyu na masarar gayaunarsa, ya tura wa wani mai talla a intanet kuɗin, aka aiko masa da katin RX 580 a mota. Da ya buɗe kwamfutar, katin ya fi cikinta girma, saboda irin siririyar nan ce ta ofis. Ko da ya shiga ma, katin shi kaɗai yana jan wuta kusan wat 185 kuma yana buƙatar filogi na musamman mai ƙafa takwas, alhali akwatin wutar kwamfutar gaba ɗaya bai wuce wat 240 ba, kuma babu wannan filogin a jikinsa. Mai kayan ya daina ɗaga waya. Yau katin na cikin durowa a naɗe a leda, masara kuma ta tafi.

Da can irin wannan kuskuren da sauƙi, yanzu kuwa yana ciwo. Duk wani kayan kwamfuta da dala ake shigo da shi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 zuwa Fabrairun 2024. Don haka duk kwabon da za ka kashe, ka tabbata ya faɗa inda ciwon yake.

To ina ciwon yake? Fara da abin da ba sai ka biya ko sisi ba. Kunna gem ɗinka, ka buɗe Task Manager, ka duba wanne ne ya cika maƙil: furosesa, RAM, faifan ajiya, ko ɓangaren hoto. Wanda ya tsaya a kashi 100 shi ne mai laifin. Idan kuma gem ɗin yana tafiya lafiya lokacin da kake buga shi kai kaɗai, sai ka hau intanet yake sarƙewa, to malam sabis ne matsalarka. Babu katin da zai gyara maka netwok.

Abu na biyu, ƙura. Mu nan hunturu yana cika komai da ƙura, sannan zafin Maris zuwa Mayu ya biyo baya. Furosesa idan ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa gem ke fara tafiya sumul, bayan minti goma ya fara tsalle-tsalle. Cire filogi, ka buɗe murfin, ka share fanka da ƙaramin buroshi, ka hure ƙurar. Sannan a goge busasshen man sanyayar da ke kan furosesa a shafa sabo. Kuɗin man nan bai taka kara ya karya ba, amma na ga kwamfutar da ta dawo hayyacinta da shi kaɗai. Kuma don Allah a daina ajiye ta a ƙasa kan leda, a ɗora ta kan tebur inda iska ke ratsawa.

Na uku, wuta. Ka fi ni sanin yadda wutarmu take, a kawo a ɗauke, yau ta yi ƙasa gobe ta zo da ƙarfi, ga ƙaramin janareta da ba ya tsayawa a waje ɗaya. Idan ka saka sabon kati ba ka da sitabilaiza, ka tara wa tsautsayi kaya ne kawai. Idan kuma da sola da batir kake aiki, ka tuna duk wat ɗin da katin ya ƙara, daga awannin wasanka na dare za a cire shi.

Sai yanzu za mu zo kan saye. Idan har kwamfutarka tana kan tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, to SSD shi ne sayayyarka ta farko. Na SATA yana karanta bayanai wajen megabait 500 a daƙiƙa, ninkin tsohon faifan sau uku zuwa huɗu, kuma a wajen buɗe ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nisa. Ba zai ƙara wa hoton gem kyau ba, amma tashin Windows da lodin gem za su koma kamar ba ita ba. Ko 256GB ya isa, ka bar tsohon faifan ya riƙe finafinai da hotuna.

Bayan shi sai RAM. Mai 4GB ya kai ta 8GB, wanda ke da hali ya kai 16GB. Ka duba irin wadda allonka ke karɓa, don DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba aiki, musamman ga wanda ba shi da katin hoto na daban.

Katin hoto shi ne na ƙarshe, kuma a nan ma ba sai ka yi hauka ba. GTX 750 Ti na 2014, GTX 1050 Ti na 2016, da yawancin GTX 1650 na 2019 daga jikin allo suke shan wutarsu, ba sa wuce wat 75. Idan kwamfutarka siririya ce, ka nemi gajeren samfurinsu da aka yi don irin ta. Core i5 zubi na huɗu da RAM 8GB da 1050 Ti za su buga maka PES 2021 da GTA V cikin kwanciyar hankali idan ka daidaita saiti. Ai ƙwallon dai kake so ka ci abokinka, ba wai ƙirga gashin kan 'yan wasa ba.

Idan za ka saya, shiga motar Kano ka je da ƙafarka, ko Beirut Road ko Farm Centre. Ka tafi da kwamfutar, in ba hali ka ɗauki hoton lambar samfurinta da takardar da ke manne jikin akwatin wutar. A saka katin a gabanka, a kunna gem na minti ashirin ko talatin, ka saurari ƙarar fanka, ka duba ko allo yana fitar da zane-zane. Dalili kuwa, tun da Ethereum ta daina haƙo da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwar gwanjo ta duniya. Wasunsu lafiya lau suke, wasu kuwa saura ƙiris. Ku yi magana kan kwanakin da za ka iya dawo da kaya kafin ka miƙa kuɗi, kuma ka karɓi rasit.

Na san akwai masu cewa zuba kuɗi a tsohuwar kwamfuta asara ce, gara a tara a sayi sabuwa. Suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Ma'ana tsohuwar tana da iyaka, kuma sababbin manyan gem za su ci gaba da yi mata nisa. Amma ka lura: SSD da katin hoto da sitabilaiza duk za su bi ka zuwa kwamfutarka ta gaba. DDR3 da tsohuwar furosesa ne kawai za su tsaya a nan, don haka su ne ba za ka zurfafa kashe musu kuɗi ba. Idan lissafin gyaran ya kusa kuɗin wata 'yar Baljiyam mai zubi na takwas, to ka haƙura ka ci gaba da tari.

Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne cin bashin manhajar waya, ko taɓa kuɗin makaranta, ko sayar da abincin gida saboda gem. Kwamfutar nan da ka raina, idan ta samu SSD da RAM, za ta yi maka atisayen jarrabawar JAMB, ta haɗa wa mutane katin biki, ta gyara bidiyo. Ke ma 'yar'uwa da kike amfani da ta gidanku wajen zane ko karatu, wannan lissafin ya shafe ki. Ku bari ita kwamfutar ta nemo kuɗin katinta da kanta.

Shi dai ɗan'uwan nawa daga baya mun share tasa, mun sa mata SSD da ƙarin RAM, da kuɗin da bai kai rabin na katin ba. Yanzu kullum bayan isha'i ɗakinsa cike yake da abokai ana buga PES. Katin kuwa yana nan yana jiran mai saye, in kana da babbar kwamfuta da akwatin wuta mai ƙarfi, sai ku daidaita, amma ka gwada shi tukuna.