Suma Ba Mutuwa Ba Ce

Jama'a, a Kakuri na samo zancen wannan mako. Na tsaya wurin wata mai kunun zaki, na ga ta dama gasara da tafasasshen ruwa, ta bar ta ta sha iska, sa'an nan ta zuba niƙaƙƙen dankali. Na ce, "Iya, me ya hana ki zuba tun da zafinsa?" Ta ce, "Malam, ai sai zafi ya kashe shi, kunu ya ƙi tsinkewa."

Gaskiyarta. A cikin dankali akwai wani abu da masana su ke kira inzayim, shi ya ke narkar da kaurin gasara, ya mai da shi zaƙi. Siffarsa kamar dogon zare ne wanda aka naɗe, kuma a naɗin nan aikinsa ya ke. Zafi ya kan warware shi. In warwararrun zaruruwan sun sarƙe da juna, kamar farin ƙwai a cikin tukunya, to, magana ta ƙare. Amma in ba su sarƙe ba, waɗansu su kan koma naɗinsu bayan sun huce, su kama aiki. Watau suma su ka yi. Wani Ba'amurke, Christian Anfinsen, ya warware wani inzayim da magunguna, da ya janye su sai ya ga ya naɗe kansa da kansa. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1972.

Kada ku ce wannan labarin 'yan boko ne kurum. A gidajen sarrafa madara, a kan ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 domin kashe ƙwayoyin cuta. A 1935 Kay da Graham a Ingila su ka fito da gwaji: akwai wani inzayim na madara wanda ya fi ƙwayoyin tarin fuka jure zafi kaɗan, in an tarar ya daina aiki, an san madara ta dahu. Sai a 1953 Wright da Tramer su ka lura ya kan farfaɗo in an ajiye madarar a wuri mai ɗumi. Kun ga ke nan ma'aikacin awo zai iya tuhumar mai gaskiya da sayar da ɗanyar madara, alhali kuwa ya dafa. Saboda haka aka ƙara gwaji na biyu, mai rarrabe wanda ya farfaɗo da wanda wuta ba ta taɓa ba.