An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Magana Ga 'Yan'uwana Na New Bell

A daminar bara, wata ranar Talata, wani ma'aikacin hukuma ya tsaya a bakin shagona da ke Kasuwar Kongo ya ci min mutunci a gaban abokan ciniki, kan wata takarda da na riga na biya kuɗinta. Ban ce masa komai ba sai "wi, shef", har da murmushi. Da magariba na ratso kwatocin New Bell da ruwa ya cika, na shiga gida, ɗana mai shekara bakwai ya kawo min shayi, kofin ya suɓuce masa. Na ɗauke shi da marin da har yau ina jin zafinsa a tafina. Gwaggona tana kan tabarma, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗan nan, an bar jaki ana dukan taiki."

Da na ba da labarin a majalisarmu bayan sallar isha'i, na ƙara da cewa masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga abin da na yi, sai aka yi min caa. Wani ya ce wannan ilimin Turawa ne, ba ruwan Musulmi da shi. Wani ya ce, "Kai dai mai zuciya ne tun kana yaro, hali zanen dutse." Waɗannan amsoshi biyu nake son in yi faɗa da su, domin su ne bargon da muke rufa da shi a unguwar nan, muna cutar iyalinmu muna barci lafiya.

Mu fara da masu cewa ilimin baƙo ne. Sigmund Freud, likitan birnin Vienna, ya bayyana a littafinsa na 1923 cewa zuciyar mutum fagen kokawa ce tsakanin abu uku: sha'awa mai son a biya mata yanzu-yanzu, lamiri mai tsawatarwa, da hankali mai sasanta su. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji bayanin nafsul ammara da nafsul lawwama ba zai ce wannan kokawa sabuwa ce a kunnensa ba. A 1936 'yarsa Anna Freud ta fitar da littafi kan dabarun da zuciya ke kare kanta da su daga abin da ba ta son gani, ba tare da mai zuciyar ya sani ba. Ku duba jerin, ku gaya min wanne ne baƙo. Sauke fushi kan wanda bai iya ramawa, shi ne jaki da taiki. Jingina wa wani aibin da ke cikinka, shi ne laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙin yarda da abin da kowa ke gani, shi ne gwano ba ya jin warin jikinsa. Borin da mai laifi ke yi idan an kama shi, shi ne tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kakanninmu sun ga cutar, sun raɗa mata suna. Mu ne muka mai da karin maganar makamin jifan maƙwabci, ba mu taɓa juya ta kanmu ba.

Ba ina cewa a haɗiye Freud ɗungurungum ba. Ya danganta abubuwa da yawa ga sha'awar jiki fiye da kima, har waɗanda suka fara tafiya da shi, irin su Carl Jung da Alfred Adler, suka raba gari da shi. Masana na yau sun yi watsi da ɓangare babba na ra'ayinsa. Amma ba a zubar da tuwo saboda an tsinci tsakuwa ɗaya a ciki.

Sai masu hali zanen dutse. Akwai gaskiya a maganar, ban musa ba. Masanan da ke auna hali da ma'auni biyar, wato son sabon abu, tsare aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da saurin damuwa, sun yarda cewa ana gadon wani kaso na hali, kuma yana da wuyar gogewa. Amma su ɗin dai sun gano cewa hali yana motsawa da shekaru: yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon amana yayin da suke manyanta. Kafin su da kusan ƙarni tara, Imam Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin ya ƙaryata masu cewa ɗabi'a ba ta canzawa, yana mai hujja da cewa da haka ne, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. To don me muke aika yara makarantar allo? Kuma ku lura, ba mu taɓa cewa hali zanen dutse idan matarmu ce ta yi laifi. Ita dole ta gyara. Sai an zo kanmu dutsen ke bayyana. Wannan ma dabarar kare kai ce: ƙirƙiro hujja mai kyan gani bayan an gama ɓarna.

Na san dalilin da ya sa muka ƙware a wannan ɓuya. New Bell tun zamanin Jamus unguwa ce da aka ware a bayan gari, a nan baƙi suka taru, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Bahaushen Douala ya saba haɗiye magana: a wajen ɗan sanda, a wajen mai gidan haya, a wajen wanda ke tambayarsa asalinsa alhali kakansa a nan aka binne shi. Haƙurin nan ya tsare mana kasuwanci da zaman lafiya, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma fushin da aka haɗiye a kasuwa ba ya narkewa a ciki. Gida yake zuwa, ya sauka a kan mace da yaro da ɗan aiki.

Inda abin ya fi muni shi ne ranar da ɗanmu ya fara shaye-shaye ko ya daina barci yana magana shi kaɗai. Nan take mun san mai laifi: kishiya ta yi sammu, maƙwabta sun yi baki, abokai 'yan wata ƙabila sun lalata shi. Kowa da hannu a ciki ban da gidan da ya tashi. Sai a kulle shi a ɗaki don kada a ji, alhali Asibitin Laquintinie, mai sashen masu taɓin hankali, bai fi tafiyar bensikin ɗaya daga nan ba. Addu'a ba ta hana ganin likita. Kunyar bakin mutane ce ke hanawa, muna kiranta tawakkali.

Washegarin marin na kira yaron na ba shi haƙuri. A majalisa an yi min dariya, wai uba ba ya ba ɗa haƙuri, girma zai zube. Girman da na kasa nunawa a gaban mai hular hukuma, ban ga dalilin karɓo shi daga kuncin ɗan shekara bakwai ba. Yanzu idan na dawo da ɓacin rai, nakan tsaya a masallacin unguwa in yi alwala in tambayi kaina wa ya ɓata min, kafin in taka ƙofar gida. Wata rana ina cin nasara, wata rana gwaggo ce ke tuna min da jakin. Allah Ya ba mu ikon ganin namu tudun.