Hunturu ya shigo, ɗakin karatun garinmu yana kulle

Makon jiya na ba ƴan ajina na CM2 aikin rubutu, na ce kowa ya bayyana mini yadda gari yake a lokacin sanyi. Da na zauna gyaran takardun da dare, sai na ga sun rabu gida biyu. Mafi yawan yaran layi biyu ko uku suka rubuta suka tsaya. Ƴan kaɗan da suka cika shafi kuwa, wato waɗanda na san suna taɓa littafi a wajen aji, sun ba ni labarin ƙanƙara ta rufe hanya, da yara sanye da safar hannu suna gina mutum-mutumi da ita. Babu ɗayansu da ya taɓa wuce Damagaram.

Alhali a ranar da suka yi rubutun, hazo ne a bakin tagarmu, har ba a hango bishiyar kukar da ke bayan lakwal. Rana ta fito fara fat kamar faifai, ana iya kallonta ido da ido. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuma ya yi kore shar a cikin gonakin da aka girbe, awaki na tsintar ƴaƴansa a ƙasa. Tsofaffi sun kewaye wutar kara a ƙofar gida, mai shayi ya yi kasuwa, amalanken rake na shigowa daga fadama, leɓunan yaran kansu sun tsage don ɗari. Duk wannan babu wanda ya ga ya isa a rubuta shi, domin bai taɓa cin karo da shi a littafi ba.

Ban ga laifin yaran ba. Matsalar tana ɗakin karatun garinmu, kuma na san haka take a ƙananan garuruwa da yawa daga Tawa zuwa Maraɗi har Damagaram.

Abu na farko shi ne lokacin buɗewa. Namu yana bin lokacin ofis: a buɗe da safe sa'ad da yara ke aji, a rufe kafin su taso, Asabar da Lahadi kuma kwaɗo ne a ƙofa. A hutun ƙarshen Disamba, lokacin da yaro ya fi samun sarari, sau uku na je na tarar da shi a kulle. To wa aka gina wa?

A ƙasar nan babu lokacin karatu kamar hunturu. Da damina yaro yana gona. Da kaka yana ɗaukar damma. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya barin kowa ya zauna ƙarƙashin kwano da rana. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hatsi ya shiga rumbu, dare ya yi tsawo, jiki na son wuri mai bango da ƙofa. Kakanninmu sun san wannan. A irin waɗannan darare ne almajirai ke kewaye wuta da allunansu, a cikinsu ne kuma iyaye mata ke yi wa yara tatsuniya. Mu ne muka zo muka gina ɗakin karatu muka ɗora masa agogon ma'aikatan gwamnati.

Abu na biyu shi ne abin da ke kan kanta. Yawancin littattafan kyauta ce daga Turai, an gode wa masu bayarwa, amma sanyinsu ne a ciki, da bishiyoyinsu, da sunayen ƴaƴansu. Ba na ƙin yaro ya san ƙanƙara, ilimi ne. Abin da nake ƙi shi ne ya tashi da zaton cewa abin da ya cancanci shiga littafi sai wanda ya faru a nesa. Na duba kantocin nan ɗaya bayan ɗaya ban sami Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba, ban sami Sarraounia na Abdoulaye Mamani ba, shi da ma da Faransanci yake, kuma labarin ƙasar nan ne. Littattafan Hausa da mata ke saye a kasuwar Maraɗi suna ara wa juna har bango ya cire, ko ɗaya babu.

Wannan magana ta ƙara nauyi yanzu. Cibiyoyin karatu na CLAC da ke wasu garuruwanmu shiri ne da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara tun shekarun 1980. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar, a watan ne kuma sabon kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko mutum ya ji daɗin haka ko bai ji ba, abu ɗaya ya tabbata: kwalayen littafi ba za su ci gaba da sauka daga waje muna zaune ba. Wanda ya ce zai tsaya da ƙafarsa, sai ya sayi littafin ɗansa da kuɗinsa. Harshen da aka ɗaukaka a takarda kuma, in yaro bai same shi a kan kanta ba, ɗaukakar ta tsaya a Yamai.

Za a ce babu kuɗi. Abin da nake nema bai kai kuɗin bikin buɗe ofis guda ba. A mayar da lokacin buɗewa daga la'asar zuwa bayan isha'i a watanni huɗun sanyi, a haɗa da Asabar da Lahadi. A sa faranti ɗaya na hasken rana da ƙwai uku. A samu kabad mai ƙofa da tsumman goge ƙura, don hazo da gara sun fi ɓarawo cin littafi. Majalisar gari ta ware wani abu kowace shekara, ko jikka ɗari ce, a sayi littattafan Hausa da na marubutan ƙasar nan. Za a kuma ce yaran yanzu waya suke so. Gaskiya ne, amma ban taɓa ganin an buɗe musu ɗaki mai haske da ɗumi da dare suka ƙi shiga ba, don ba a taɓa gwadawa ba.

Mu malamai ma muna da namu kason. Ni da abokan aikina huɗu mun yarda kowa zai ɗauki yamma ɗaya a mako ya zauna da yaran kyauta, in aka ba mu mabuɗi. Takardar tana hannuna, ranar Litinin zan kai ta ofishin magajin gari. Malaman sauran garuruwa, ku leƙa naku ɗakin karatun a makon nan ku ga ko a buɗe yake. Watanni biyu suka rage kafin zafi ya dawo, kuma ƴan CM2 na bana ba za su sake yin wani hunturun a hannunmu ba.