Filin Iyaye: Guntun Gatarinka

Ranar Alhamis, muna komowa Gumel daga kasuwar Maigatari, 'yata mai shekara 14 ta ce mini ta fita daga ƙungiyar mawaƙa ta makaranta. Na ce, don me? Ta ce muryarta ba ta kai ta waɗanda take ji a waya ba, fuskarta kuma ba ta yi hasken tasu ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. A 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari, yanzu kuwa yaranmu da mawaƙan TikTok suke kwana suke tashi. Son waƙa ba laifi ba ne. Amma yawancin muryoyin nan na'ura ce take gyara su, hotunan ma sai an goge su. Yarinya tana auna kanta da abin da mai shi ma bai kai ba.

Na ba ta labarin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Maraya ne, kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, amma ƙasa duka ta saurare shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Iyaye, ƙwace waya ba magani ba ne. Ku saurari waƙoƙin tare da su. In yaro ya yi abin kirki, ku yabe shi yana ji, gama wanda ya rasa yabo a gida, a waje zai nema.

Ba ta koma ƙungiyar ba tukuna, amma jiya na ji ta tana daka tana rerawa.

Sai wata mai zuwa.